Yara sun ce Disneyland, maigida ya ce Dubai, Hajiya ta ce Umara

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yanmu uku: babban namiji ne mai shekara 11, mai bi masa mace ce mai shekara 7, sai auta da ta cika shekara 3. Bara maigidana ya yi wa babban alkawarin in ya sauke Alƙur'ani zai kai su wurin wasa a ƙasar waje. Yaro ya sauke, kuɗi kuma an tara, ba bashi za a ci ba. To yanzu kai ya rabu. Yara sun ce Disneyland na Paris da suke gani a YouTube. Maigida ya ce Dubai, don ya taɓa zuwa saro kaya. Surukata Hajiya ta ce wannan almubazzaranci ne, a kai yara Umara, kuma ƙafarta ƙafarmu. Ni da yara ba mu taɓa fita ba, ko fasfo ba mu da shi, ga shi saura wata uku a yi dogon hutun Agusta. Wani ejan ya ce mu biya komai a dunƙule yanzu kafin farashi ya tashi. Ina tsoron kuɗin su salwanta, ko mu je mu sha wahala. Ina mafita?

Maman yara uku, Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a karatun yaron nan, ya ba shi ikon aiki da shi. Ki gaida min maigidan naki, don ba kowane uba ne ke tuna alkawarin da ya yi wa ɗan shekara goma ba, balle ya zauna ya tara kuɗinsa.

Bari mu fara sallamar ejan, tunda shi ne a bakin ƙofa. Kada ku ba shi ko sisi yanzu. Ban ce macuci ba ne, wataƙila mutumin kirki ne mai neman halaliyarsa. Amma mutum huɗu a cikinku ko fasfo ba su da shi, to biza a kan me zai nema muku, tikiti kuma da wane rubutun suna? Tafiya irin wannan fasfo ne a gaba, sai biza, sannan tikitin jirgi da masauki, tikitin shiga wurin wasa shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya ce a biya na baya kafin na gaba, a aljihunku asarar za ta faɗa in an hana biza. Idan lokaci ya yi kuma kuna son aiki da ejan, ku nemi mai ofishin da za ku iya zuwa ku zauna, mai rajista da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA ko ƙungiyarsu ta NANTA, ku tura kuɗi asusun kamfani ba na wani mutum ba, kuma ya rubuta muku a takarda nawa zai dawo in biza ba ta fito ba. In ya fara kwana-kwana a kan wannan tambayar, kun samu amsarku.

Fasfo huɗu ba ƙaramin aiki ba ne. Kowane yaro, har auta, sai da lambar NIN da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da takardar amincewar iyaye. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000 ga mai nema a cikin gida, wato naira 400,000 ke nan kafin kowa ya taka matakalar jirgi. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba, sunaye ne. Mu Hausawa muna da sakaci a nan. Za ki ga yaro a takardar asibiti Muhammad ne, a makaranta Mohammed, a NIN an liƙa masa sunan kaka, ƙanwarsa kuma sunan unguwarsu aka sa mata a ƙarshe. A gida ba komai ba ne. A gaban ma'aikacin biza kuwa, yaran da sunan ubansu bai zo ɗaya ba tamkar 'ya'yan gida uku ne, kuma shi ba zai kira ki ya tambaya ba. Yau da daddare ki baje takardun kowa a kan gado, ki bi su harafi-harafi, har ranar haihuwa. Abin da ya saɓa a gyara shi a NIN tukuna, gyaran nan kuwa yakan ci makonni. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ce miki Agusta ta yi kusa.

Yanzu batun inda za a je. Ba son yara ko na maigida ne zai fara yanke hukunci ba, biza ce.

Faransa bizar Shengen take buƙata, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, auta kuwa kyauta, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Za su nemi inshorar lafiya ta Yuro 30,000 ga kowa, da bayanan asusun banki na watanni, da shaidar aiki ko kasuwanci, da wasiƙar makarantar yara. Ana iya nema tun saura wata shida a tafi, amma samun ranar miƙa takardu gab da bazarar Turai wani yaƙi ne daban. Sannan ga maganar da ejan ba zai so ya faɗa muku ba: a 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriyar da suka nemi wannan biza an hana su, kuma kuɗin nema ba ya dawowa. Iyali guda cif, da sababbin fasfo fil waɗanda ko tambari ɗaya babu a ciki, suna neman fita gaba ɗaya ba a bar kowa a gida ba, irin takardun da ake kallo da ido biyu ke nan. Ana samu, amma ba zan ɗora farin cikin yaro a kan haka ba.

Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, ita ma ba kamar da ba ce. In maigida ya je kafin 2022, ki faɗa masa Dubai ɗin da ya sani ta canza wa 'yan Najeriya. A shekarar aka dakatar da ba mu biza, jirgin Emirates ya daina zuwa, ba a dawo da biza ba sai Yulin 2024, jirgin kuma ya koma sauka Legas a Oktoban shekarar. Tun daga nan sharuɗɗan ke ta sauyawa. Bizar yawon buɗe ido ta can ta hannun kamfanin jirgi ko otal ko ejan mai lasisi ake nema, saboda haka ku tambayi kamfanin jirgin kai tsaye abin da ake buƙata a wannan makon, kada ku dogara da labarin wanda ya je bara. Fasfo kuma sai da sauran wata shida a jikinsa, ya duba nasa.

Duk da haka, in ni ce, Daular Larabawa zan zaɓa. Maigida ya yi daidai a ƙasa, amma bai yi daidai a watan tafiya ba, kuma ina ganin ko a gari ma akwai gyara. Wanda ya san kasuwannin unguwar Deira ta Dubai ya san inda ake ciniki da inda ake auna kaya, bai san yadda ake wuni da 'yar shekara uku a layi ba. A Agusta zafin can yana haura digiri 40, ga laima a iska da ke sa mutum ya jiƙe sharkaf daga ƙofar otal zuwa mota. Kada ki ce ai mun saba da zafi. Namu busasshe ne, inuwa na maganinsa, nasu ko inuwa ba ta yi masa komai. Wurin baje koli na Global Village da lambun furanni na Miracle Garden, waɗanda mata suka fi ɗokin gani, duk a rufe suke a wannan lokaci, sai sanyi ya fara shigowa ake buɗe su. Hutun Disamba kuwa rana tana sauka wajen digiri 25, ana yawo a waje har dare. Aibinsa tsada, don duniya ce ke tururuwa can a ƙarshen shekara. Ku yi ƙoƙari ku tashi da zarar an ba da hutu, ku dawo kafin cunkoson sabuwar shekara.

Garin da nake nufi Abu Dhabi ne, tsibirin Yas, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota daga Dubai. Wuraren wasa huɗu ne a kusa da juna. Akwai Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, duk a rufe cikin sanyin na'ura, inda su Tom da Jerry ke yawo a gaisa da su, kuma shi ne ya fi dacewa da yara masu tazarar shekaru irin naki. Akwai Ferrari World na 2010, mai lilon nan Formula Rossa da ke gudun kilomita 240 a awa, wannan na maza ne masu ƙarfin zuciya. Akwai SeaWorld na 2023, na halittun ruwa, inda ko auta za ta wuni baki buɗe. Sai Yas Waterworld na wasan ruwa, wanda ke ware lokutan mata zalla, in kina son ke da 'yan matanki ku shiga ruwa hankali kwance. Ana sayar da tikiti ɗaya da ke shiga wuri biyu ko uku ko huɗu a ranaku daban-daban, wasu otal-otal na tsibirin ma suna haɗa tikitin cikin kuɗin ɗaki, kuma akwai bas kyauta da ke zagayawa. A ɓangaren Dubai akwai Legoland da aka yi domin 'yan shekara 2 zuwa 12, da Motiongate a gefensa, da IMG Worlds of Adventure wanda shi ma a rufe yake. Duk inda kika shiga akwai ɗakin salla da wurin alwala, abinci kuma ba sai kin tsaya tambayar yanka ba. Ga mai fitar farko da yara uku, wannan sauƙin ba ƙarami ba ne.

In yara suka ji a intanet cewa Disney na zuwa Abu Dhabi, gaskiya ne an sanar a Mayun 2025, amma sanarwa ce, gini kuma shekaru yake ci.

Ba na so ki ɗauka na raina Paris. Wuri ne mai kyau, tun 1992 yake, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, jirgin ƙasa na RER A na kai mutum bakin ƙofa cikin kamar minti 40, kuma daga Abuja awa shida ce a jirgin da ba ya yada zango. Sai dai abin da yara ke gani a YouTube minti goma ne da aka tace daga wuni guda. Ba a nuna musu layin awa ɗaya domin lilon minti biyu, musamman a Agusta da Turai duka ke hutu. Mai son tsallake layi sai ya ƙara kuɗi a kan kuɗin shiga. A Disamba kuma sanyi ne mai shiga ƙashi, ƙarfe biyar gari ya yi duhu, sai kin saya wa mutum biyar rigunan sanyin da ba za su sake sawa ba. In kina sa niƙabi, ki sani dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, hijabi da mayafi dai babu matsala. Kilishi da dambun naman da za ki so ki yi guzuri da su kuwa, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara a jakar matafiyi, a filin jirgi za a ƙwace. Ku bar Paris ta zama tafiya ta biyu, lokacin da fasfonku ya ɗauki tambarin fita da dawowa, auta kuma ta yi wayon da za ta tuna.

Kafin ku sayi tikitin ko'ina, ki tsayar da yaran a jikin bango ki auna tsawonsu da tef ɗin tela. A wuraren nan ba shekaru ake tambaya ba, tsawo ake aunawa, kuma mai tsaron ƙofa ba ya jin magiya. A Disneyland na Paris, misali, jirgin Big Thunder Mountain sai mai santimita 102, Hyperspace Mountain sai mai 120. Kowane wuri ya rubuta nasa a shafinsa. Ki duba tun a gida, ki faɗa wa 'yar shekara bakwai abin da za ta hau da wanda ba za ta hau ba, don kukan da aka yi a falo ya fi wanda za a yi a gaban layi arha. Auta kuwa yawancin manyan lilon ba nata ba ne, dole wani ya zauna da ita. Wurare da yawa suna barin iyaye su yi karɓa-karɓa ba tare da na biyun ya sake bin layi ba, ku tambaya a bakin kowane lilo. Kuma ki yi magana da maigida tun yanzu cewa riƙon auta rabawa za a yi. Na san halin mazanmu: shi da babban su ɓace tun safe, ke ki wuni a benci da jaka da yarinya, a dawo gida a ce kin je Dubai.

Ki lura da ranar haihuwar babban. In zai cika 12 kafin tafiya, kamfanonin jirgi kuɗin babba za su caje shi. Ku biyar ne, ɗakunan otal da yawa kuma mutum huɗu ne iyakarsu, haka ƙaramar tasi, saboda haka ko ɗaki biyu ko gidan haya mai kicin. Ni na fi son mai kicin. Abincin cikin wuraren wasa tsada gare shi, yaranmu kuma kwana biyu suna cin burodi da soyayyen dankali za su fara neman shinkafa da miya. Ku karya da kyau a masauki, ku ci na rana a ciki, ki dafa na dare. Abin da lissafi ya ba ku duka, ku ɗora masa wani kaso na ko-ta-kwana da ba za a taɓa ba, kuma kuɗin tsaraba a yanke shi tun a Kaduna. Tsarabar dangi ta sha cinye tafiya, kowa da ɗan turarensa da 'yar abayarsa, sai a dawo ana rancen kuɗin makaranta na zango na biyu. Kowane yaro a ba shi nasa ɗan kuɗin a hannu, a ce da shi wannan ne na kayan wasa, in ya ƙare ya ƙare, don duk lilon da aka sauka ta cikin kanti ake fitowa, ba kuma bisa kuskure aka tsara haka ba.

Kwana shida ko bakwai sun isa, wurin wasa uku a ciki, ba a jere ba. Ranar isowa hutu ce, musamman in kun yada zango a Doha ko Adis Ababa ko Alƙahira. Hutun mako a can Asabar da Lahadi ne tun 2022, don haka ku shiga wuraren wasa daga Litinin zuwa Alhamis, ku isa kafin a buɗe ƙofa. Ranar da babu lilo ku je Masallacin Sheikh Zayed, shiga kyauta ne. Ki tafi da keken tura auta ko da a gida ta daina hawa. Kowace safiya ki ɗauki hoton yaran da kayan da ke jikinsu, ki sa wa kowa takarda mai lambar wayarku a aljihu, ki nuna musu irin rigar ma'aikatan wurin, ki ce wanda ya ɓace ya tsaya gun mai irin rigar nan.

Magani kuma a kula. Tramadol da maganin tari mai kodin da wasu magungunan barci na cikin abin da ƙasar ke sa wa ido sosai, shiga da su babu takardar likita da izini na iya kai mutum ga hukuma. Kowane magani ya zauna a kwalinsa, kuma kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ɗan uwa ne, in ba ku buɗe kun gani ba. Katin allurar rigakafin cutar shawara ma a yi wa kowa da wuri.

Saura Hajiya, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ya sa kika rubuto. Abu na farko, wannan magana ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Ranar da kika buɗe baki kika ce wa surukarki ba da ita za a je ba, ko shekara ashirin aka yi ba za a manta ba, kuma duk abin da ya faru a tafiyar ke ce. Ki zauna da maigida ku daidaita a ɗaki, shi ya je ya same ta shi kaɗai.

Na biyu, kada ku yi saurin cewa tsufa ne. Akwai tambayar da ya kamata maigida ya amsa wa kansa: ya sauke farali? In bai taɓa aikin Hajji ba, kuma abin da ya tara ya kai ko ya kusa, to maganar Hajiya na da nauyi, ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya ci gaba. In kuwa ya sauke, ba a ci bashi ba, ba a tauye abincin gida ko kuɗin makaranta ko haƙƙin ita Hajiyar ba, to mutum ya faranta wa iyalinsa da halaliyarsa ba almubazzaranci ba ne, ga kuma alkawari da aka ɗauka wa yaro a kan Alƙur'ani. Yaron da aka ce masa wurin wasa, ya dage ya sauke, sannan aka canza magana bayan ya gama, abin da zai koya shi ne maganar manya ba ta da tabbas.

Ina kuma zargin ba lilo ne ke damun Hajiya ba. Tana ganin ɗanta zai kashe miliyoyi ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa su hau jirgi, ita tana gida tana jiran hoto a waya. Wannan ba a magance shi da hujja. Ya ce mata Umararta na nan, ya faɗi watan da za ta je, ya buɗe mata ajiya ta ga an fara zubawa, ko da za a rage kwanakin tafiyarku ne don a samu na farawa. In hali ya yi, ya haɗa ta da jikan nata mai sauka su je su uku, wannan kam kyauta ce da ta dace da shi, ita ma za ta yi alfahari da ita. Haɗa Umara da wurin wasa a tafiya ɗaya kuwa ban ba ku shawara ba a fitar farko: biza biyu, jirgi ƙari, ga 'yar shekara uku cikin cunkoson ɗawafi, a ƙarshe ba a yi ibadar a natse ba, wasan ma an yi shi a gajiye. In duk da haka ta ce Abu Dhabin ma za ta, kuma aljihu zai ɗauki tikiti na shida da ƙarin ɗaki, ku tafi da ita da zuciya ɗaya. Ku yi mata inshora, likita ya rubuta magungunanta, ku karɓi hayar keken guragu a bakin ƙofa don tafiyar ƙasa a wuraren nan ta fi ƙarfin gwiwar dattijuwa, kuma kada a mayar da ita mai rainon auta.

Yaran kuma uban ne zai tara su ya faɗa musu gaskiya: an ɗaga zuwa Disamba saboda fasfo da zafi, kuma Abu Dhabi za a je, Paris sai gaba. Za a yi fushi na kwana biyu. Ki buɗe musu bidiyon wuraren Yas su zaɓi uku da kansu, babban kuma a damƙa masa aiki: shi zai auna ƙannensa, ya rubuta lilon da kowa ya isa hawa, ya riƙe jerin takardun da aka kammala da waɗanda suka rage. Ranar da za a je ɗaukar hoton fasfo a cikin hutun Agustan nan, a tafi da su duka a yi musu ita kamar fita ta musamman, don su ga da idonsu an fara.